Ranar da Banjo Ya Shiga Gonar Baba

Damina shida mahaifina ya yi bai bar mijina ya taka zaurensa ba. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba ya shan giya, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Laifinsa guda: ya tafi cin rani Kurmi ya dawo da banjo.

Wanda bai taɓa ganin banjo ba, ya ɗauka gurmi ne ya je birni ya yi ƙiba. Fata ce a ɗaure kan wani ƙarfe mai kama da faranti, ga dogon wuya, ga tsirkiya fuɗu. A can Kurmi dako ya yi a wani kanti da ake sayar da garmaho, duk yini ana sa faifai don jan masu saye. Cikin faya-fayan akwai na kiɗan baƙaƙen Amurka, wanda suke kira jaz. Ya ce mini da farko ji ya yi kamar ana faɗa a kasuwa, kowa yana tasa maganar. Sai da ya yi wata biyu yana sauke kaya da kunnensa a buɗe, sannan ya gane duk surutun nan hanya guda suke bi.

Ya iso Tambuwal, inda muke zaune, da karyayyen banjo, da tsohon garmaho, da faifai biyar. Babu mahalukin da ya koya masa ko taɓa tsirkiya ɗaya. Yakan sa faifai ya ɗora yatsa a gefensa don ya rage masa gudu, ya kasa kunne, ya nemi muryar a jikin banjo, ya ɓata, ya sake. Ni ce mai wana garmahon. Na wana shi har kafaɗata ta yi tsami, kuma duk zagin da na iya a lokacin na yi wa wannan akwati. Da fatar ta yage sai ya je wurin majema ya zaɓo ta ɗan akuya. Da tsirkiya ta tsinke sai ya warware wayar birki, don sana'arsa gyaran keke ce a bakin kasuwa. Daga baya wani malamin makaranta da aka yi wa canjin gari ya bar masa jita, ita ma rani guda ya yi ya shawo kanta.

Sannu a hankali ya tara mutane uku. Akwai Kofur, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da ƙahon Turawa mai maɓalli uku da baki mai kaifi kamar aska. Akwai wani tela mai baƙar sarewar Turawa, mutum ne da ba ya magana sai ta zama dole. Sai wani leburan hanya, ƙato, mai babbar gangar badujala da yake ratayawa a ciki. Masta suke kiran mijina, da wasa aka fara, har ya bi shi. Shi ne mai ba da ƙafa: ya buga ƙasa sau fuɗu, su tashi tare, in an ɗan yi nisa sai ya karkata wuyan banjo wajen wanda yake so, sauran su sassauta, wannan ya fito shi kaɗai ya faɗi abin da ke cikinsa. Ya gama, a juya ga wani. Doka ɗaya ya kafa musu, cewa ba a kiran sunan kowa, ba a wasa kowa, ba a bin mai riga don kyauta. A saurara ko a wuce.

Ranar da aka samu mulkin kai su suka yi wasa a filin firamare da la'asar. Akawuna da malaman makaranta suka yi rawa har hulunansu suka faɗi. Dattawa suka tsaya daga nesa kamar masu kallon gobarar gidan wani, amma na lura babu wanda ya tafi.

Duk wannan bai dami mahaifina ba. Mu mutanen Fakku ne a ƙasar Kebbe, noma muka gada da 'yan shanu. Dangin mijina ma manoman Jabo ne tun kaka da kakanni. Baba ya ce shi manomi ya ba ɗiyarsa, bai ba maroƙi ba, kuma duk mai taɓa tsirkiya a gaban jama'a maroƙi ne ko da zinariya aka yi molonsa. Bai ce a raba aure ba. Ya ce ni in zo duk sa'ad da na ga dama, jikoki su zo, amma mai kiɗi ya tsaya inda makaɗa ke tsayawa, watau waje. Na yi masa gardama iyakar yadda ɗiya za ta yi wa ubanta, har na ɗan wuce. Na gaya masa mutumin nan bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Baba ya ce akuya ko ba ta ci danga ba, akuya ce. Mijina kuwa bai taɓa cewa uffan ba. Kowace salla yakan raka ni har bakin gari, ya zauna gindin wata tsamiya da kekensa, in na fito mu koma. Wannan zaman nasa gindin tsamiya ya fi komai ci mini rai. Ina jin haushin Baba don taurin kai, ina jin haushin mijina don haƙuri.

Daminar da ta biyo bayan mulkin kai, ran kasuwar Tambuwal, wani mai jaki ya kawo mini saƙon Inna. Kurkunu ya kama Baba a ƙafa, ya kama yayyena biyu, duk suna kwance. Ruwa ya zauna sosai, ciyawa ta taso ta fara haɗiye gero a babbar gonar gidanmu. An kira gayya, mutum bakwai suka zo, suka ɗan taɓa suka watse kafin hantsi. Dalili kuwa makaɗin noman garinmu ba ya nan. 'Yan siyasa sun zo da mota mai lasifika sun ɗauke shi da gangarsa da 'ya'yansa, suna yawo da su gari gari. Mu kuwa a wajenmu gayya ba kiɗi aikin banza ce. Samari ba don tuwo suke zuwa ba, don a kaɗa musu take suke zuwa, a ga wanda zai riga wani fita kuyya, watau kunyar noma.

Ban kwana ina tunani ba, nan take a tsaye na yanke abin da zan yi. Ƙarya biyu na shirya. Na aika wa Inna cewa surukinsu yana nan tafe da gayyarsa, a sanar da gari. Kowa ya san suruki yakan kawo abokansa noman gonar surukinsa, don haka Baba ya ɗauka da hauya za su zo, ya ce ai gona ba zaure ba ce, su zo. Sannan na koma gida na gaya wa mijina cewa Baba ya aiko, yana son ya zo da mutanensa su yi wa gayya kiɗi. Na yi istigfari kan wannan sau da dama. Nadama ce dai har yau ban samu ba.

Da ya ji sai ya tashi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko banjo da tsumma, ya zauna yana goge ƙarfen har ya fara ɗaukar ido. Nan ne kawai na ji kunya ta kama ni, na tashi na shiga madafa.

Kwana biyu muka yi a hanya da jakuna biyu. Kofur ya yi mita tun daga Tambuwal har Kebbe, wai ya yi wa Sarkin Ingila busa, yau ga shi za shi yi wa ciyawa. Da muka zo wani rafi da ya cika, mijina ya ɗora banjo a ka ya shiga ruwa har ƙirji, ni da nake bayansa ko waiwayo bai yi ya ga ko ruwa ya tafi da ni ba. Na gaya masa na gani, kuma na ajiye. Suka sauka gidan sarkin noma. Kafin gari ya waye labari ya kai har ƙauyukan kewaye cewa an kawo kiɗan Turawa gonar gidanmu. Da safe mutanen da suka hallara sun fi na kowace gayya da na taɓa gani, kowa da hauyarsa a kafaɗa, amma kallo ya kawo su.

An kawo Baba bisa jaki, ƙafarsa a naɗe da tsumma, aka zaunar da shi gindin kaɗanya. Mijina ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi, banjo na rataye a bayansa. Baba ya dubi banjo, ya dubi ƙahon Kofur, ya dubi ƙatuwar gangar nan. Bai amsa gaisuwar ba. Ni ya nema da ido har ya same ni cikin mata masu ƙoren fura.

"Ke ad da wanga aiki," in ji shi.

Na ce ni ce, Baba.

Mijina ya juyo ya dube ni. Ba sai an yi masa bayani ba, ya gane ba wanda ya aiko a kira shi. Da ƙasa za ta tsage ya shige, da ya gode mata. Amma jama'a sun riga sun jeru a bakin kuyyoyi, Baba ba shi da halin korar kowa, shi kuma ba shi da halin juyawa. Ya miƙe, ya je inda aka hura 'yar wuta, ya gasa fatar banjo don laimar damina ta sa ta saki. Ya buga ƙafa sau fuɗu.

Wallahi kiɗin ya yi daɗi, amma ba na noma ba ne. Irin wanda suke yi wa akawuna suka saki, mai gudu kamar an koro shi. Samari suka duƙa suka yi ƙoƙarin binsa, kafin a yi taki ashirin numfashi ya ƙare musu, wasu suka fara sare gero tare da ciyawa. Ga kuma al'adarsu ta jaz: ana cikin tafiya sai duka su ɗauke wuta ɗif, a bar tela shi kaɗai yana lanƙwasa sarewa. A filin makaranta nan ne ake tafi. A gona kuwa, ganga na ɗaukewa sai hauyoyi suka tsaya a sama, kowa ya ɗago yana dube-dube ko wani abu ya faru. Wani taubashina ya ce da ƙarfi, a tambayi masu kiɗin ko sun ga maciji ne. Dariya ta ɓarke. Suka sake gwadawa, aka sake yin haka. Su fuɗu kuma suna tsaye wuri guda a inuwa, manoma sun yi nisa, sautin yana isa gare su a makare.

Sarkin noma, dattijo mai kunya, ya zo ya ce wa mijina sun gode ƙwarai, baƙi su huta su sha fura, a bar mutane su ɗan taɓa aiki. Na dubi Baba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Murmushi yake yi.

Mace ba ta shiga tsakiyar gayya, nata ta ajiye fura a bakin gona ta koma. Na dire ƙwaryata na ratsa kuyyoyin nan, ina jin Inna tana kirana ƙasa-ƙasa, ban juya ba. Na tarar mijina yana kwance banjo daga wuyansa. Na gaya masa kiɗan noma ba a yin sa daga inuwa, bin bayan manoma ake yi. Ba kunne ake yi wa ba, ƙugu ake yi wa, ya dubi bayan mutane, sa'ad da hauya ta sauka nan ganga za ta sauka. Kuma ganga ba ta yin shiru ko da sama za ta faɗo. Sannan na ce kowane namiji a nan yana da takensa, shi yake jira.

Ya ce, "Take ai roƙo ne. Kin san ba ni yi."

Na ce, "Malam, roƙo shi ne ka kira mutum don shi ba ka. Wanga kira ne don shi duƙa. Mi za su ba ka, ciyawa?"

Kofur ya ce, "Masta, bi maganar uwargida. Na ga manyan hafsoshi, ban ga mai ido irin nata ba."

Tun ina 'yar ƙanƙanuwa nake kai fura gayya, babu taken da ban haddace ba a garin nan. Na matsa kusa da kunnensa na yi masa na sarkin noma da baki, yadda ganga ke faɗinsa. Sau ɗaya na yi, ya lalubo. Na sake, ya kama shi cif. A nan ne wahalar garmahon nan ta biya ni. Mutumin da ya koyi kiɗi daga takarda ko daga malami da ya tsaya tambaya. Shi kuwa shekara da shekaru kunnensa kaɗai ne malaminsa, abin da ya fita daga bakina bai fi masa tsohon faifai wuya ba.

Igiyar banjon ta yi masa tsawo ga mai tafiya cikin kuyya, na kwance majanyin da na ɗaura a ƙugu na ɗaure masa shi a ƙirji tamau. Ya sa leburan a gaba, ya ce ya manta da kowa, ya zuba wa bayan sarkin noma ido. Gangar ta fara sauka a hankali, dum, dum, daidai da hauya. Suka shiga gona a bayan manoma, ƙafa cikin laka. Sai banjo ya faɗi taken.

Sarkin noma ya daskare. Ya ɗago ya waiwayo, ya ga daga inda abin ya fito. Tsohon nan mai kunya ya cilla hauyarsa sama ya cafe, ya yi wa kansa kirari da muryar da ban san yana da ita ba, ya duƙa. Ƙasa ta dinga tashi a bayansa. Mijina ya karkata wuyan banjo wajen Kofur, Kofur ya karɓi taken nan da ƙaho ya ɗaga shi sama, ya murɗa shi, ya yi masa ado, ganga kuwa ba ta fasa ba. Ashe abin nan nasu na ba kowa fili shi kaɗai, wanda ya sa aka yi musu dariya da safe, shi ne ainihin abin da gayya take so, in dai an san wa ake kira.

Daga nan ni ce a gefensa. In nuna mutum da haɓa, in yi masa taken a kunne, ya ɗauka, ya jefa wa Kofur ko tela. Taubashin nan nawa mai maganar maciji na bar shi sai can baya da gangan, yana ta waiwayena yana haɗa hannu. Samarin da ba su kai a yi musu take ba, mijina ya dubi yadda kowanne ke saran ƙasa ya ƙirƙira masa nasa nan take. Akwai waɗanda suka riƙe nasu har tsufa. Tela, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ranar har da tsalle. An tsaya an yi azahar, an sha fura, aka koma. Kafin la'asar gonar da aka yi tsammanin kwana uku ba za ta ƙare ba, saura kuyya ɗaya.

Kuyyar ƙarshe ta mai gona ce, da takensa ake rufewa. Kowa ya tsaya. Mijina ya dube ni. Na ji tsoro a karon farko ranar, amma na matsa na yi masa. Bai ba Kofur ba, bai ba tela ba, ya ɗaga wa mai ganga hannu ya sassauta. Shi kaɗai ya kaɗa shi, a hankali, yana fuskantar kaɗanya, kansa a sunkuye.

Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce a miƙo masa hauya. Inna ta fara magana, ya harare ta. Ya dogara da sanda ya ja ƙafar nan mai ciwo har bakin kuyya, ya duƙa, ya yi sara uku. Bai iya na fuɗu ba. Samari suka ƙarasa.

Da ya miƙe sai ya tuɓe rigarsa ta sama, ya miƙa wa mijina a gaban jama'a. Wanda bai san garinmu ba zai ce alheri ne. Amma riga daga wuyan mai gona ita ce ladan makaɗi, in ya karɓa ya amsa sunan da Baba ya ba shi shekara shida, in ya ƙi kuma ya kunyata dattijo a gonarsa. Na buɗe baki, sai na ji Inna ta damƙe mini hannu, kuma gara da ta yi.

Mijina ya juya banjo baya, ya durƙusa cikin laka.

"Baba, a yi mini gafara. Ba a biyan suruki aikin gonar surukinsa."

Baba ya tsaya da riga a hannu. Ya dubi gonarsa tun daga wannan gefe har wancan, geron nan tsaye fes, ciyawa kwance tana yaushi. Ya mai da rigarsa wuya, a hankali, har da gyara aljihu.

"To in suruki ne, mi shika yi durƙushe cikin gona? Ku wuce gida a ci tuwo."

Mijina bai tashi ba. Ya ce shi da mutanensa suka zo, inda suka ci nan zai ci.

"Da su," in ji Baba. Ya nuna banjo da sandarsa. "Amma wanga abu, a bar shi waje."

Haka aka yi. Akwai wani turke a ƙofar gidanmu inda ake ɗaure jaki, a jikin bangon da ke bayansa mijina ya kafa ƙusa ya rataye shi, ya lulluɓe da majanyina. Ya cire takalmi ya shiga zaure, aka ajiye musu akushi ɗaya da Baba. Ina daga soro na biyu ina leƙe, na ga Baba ya tura masa tsokar nama gabansa ba tare da ya dube shi ba.

A hanyarmu ta komawa mijina ya yi yini guda bai yi mini magana ba saboda ƙaryar da na yi masa, kuma yana da gaskiya. Da muka zo rafin nan dai ya tsaya ya riƙe mini hannu, ya ba Kofur banjon.

Ban iya karatu ba sai da na aurar da 'ya'ya biyu, na shiga ajin yaƙi da jahilci ina zama da sa'o'in ƙannena, don haka ban san yadda masu ilmin kiɗi za su auna mijina ba, ban kuma damu ba. Ya yi wasa a Sakkwato, ya yi a Gusau, manya sun tafa masa. Ni dai na ga ranar da ya ji take sau biyu daga bakin mace ya tayar da gayyar da ta mutu. Baba ya rayu shekara tara bayan haka. Kowace damina suna zuwa, ko bayan makaɗin garin ya dawo daga yawon siyasa, sai su haɗu su yi tare. Har Baba ya koma ga Allah banjo bai taɓa wuce ƙusar nan ba, mijina kuma bai taɓa neman ya wuce ba. Shi dai yana shiga.